Duk fasassun gem nake sakawa a shagona, kuɗin halal ne?

Abba_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Juma'a, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu mai warware mini. Ina da ɗan gidan gem a unguwarmu, na'urar PlayStation ta Sony, PS4 guda huɗu, sai PS2 biyu da na bar wa ƙananan yara. Shekara shida ke nan da shi nake riƙe kaina da mahaifiyata, da shi na biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta, yanzu kuma da shi nake haɗa lefe. Duk na'urorin nan fasassu ne, wato an karya makullinsu don su karɓi kwafaffen gem. Ban taɓa sayen gem na asali ba ko sau ɗaya. Kasuwar waya nake kai su wurin wani mai lodi, ya cika mini su in ba shi 'yan dubbai in dawo.

To ranar Juma'a na je gaida kawun yarinyar da zan aura, mutum ne da ya yi karatu a waje. Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa ban ɓoye komai ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "Wato dai da kayan sata za a yi mana lefen." Da wasa ya faɗa, har muka yi dariya tare, amma wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Shin da gaske sata ce? Kuma wa nake cuta, tunda ni dai ban ga wanda na raba da kayansa ba?

Sadiq_CR7:
Hhhh oga Abba kwantar da hankalinka. In wannan sata ce to duk garin nan ɓarayi ne. Ka koma ka tambayi kawun nawa ya sayi Windows ɗin da ke kwamfutarsa.

Ummu_Hanifa:
Sadiq, yawan masu yi ba ya halatta abu. Mutum ya zo da damuwar da ta hana shi barci, ka bari masu sani su amsa masa.

Injiniya_Samaru:
Wa alaikumus salam Malam Abba. Kafin malamai su zo bari mu fara yin lissafi, don a san inda ake. Sabon babban gem yanzu dala 70 ne, tun da PS5 ta fito a 2020 aka fara ɗaga shi daga 60. In ka sa dala a naira 1,500, gem ɗaya ya kama naira 105,000. Mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke Amurka zai sayi gem ɗin nan da aikin yini ɗaya ko ƙasa da haka, namu kuwa sai ya haɗa albashin wata ɗaya da rabi bai ci ba bai sha ba. Kai kuma mai na'ura huɗu, in za ka sa ƙwallo da faɗa a kowace, gem 8 ke nan, naira 840,000. Kuma na ƙwallon duk shekara sabo ake fitarwa.

Ban ce wannan ya halatta komai ba. Cewa nake kamfanin bai yi asarar cinikinka ba, don da ma can ba za ka iya saya ba.

Dan_Maradi:
Dala 70 kawai? Ku taho Maraɗi in saya muku goma goma, a wurinmu da sefa biyar muke ce wa dala, dala 70 ai kuɗin kabu-kabu zuwa bakin kasuwa ne. Wasa nake, na san ta Amurka ake nufi. A kuɗinmu za ta kai jika 40. Nan ma haka abin yake, babu gidan wasan da na sani mai faifan asali, kuma na'urorin ma da yawa daga Kano ake kawo mana su da lodinsu.

Malam_Habu_Fagge:
Abba, Allah ya yi maka albarka da ka damu da abin da ke shiga cikinka. Zan faɗi abin da na karanta, amma ba fatawa nake ba ka ba.

Sata da ake yanke hannu a kanta tana da sharuɗɗa: a ɗauke dukiya daga ma'ajiyarta a ɓoye, ta kai nisabi, mai ita ya rasa ta. Kwafar gem ba ta cika waɗannan ba, shi ya sa malamai ba sa sa ta a babin haddi. Amma fita daga babin haddi daban, halatta daban. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a yi ta'addi a kansa ba. Suna kafa hujja da hadisin da ya ce dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, da wanda ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Kuma ba a ce sai dukiyar Musulmi kaɗai ba, kar wani ya ce ai na Turawa ne ko na Japanawa.

Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin wanda ya sayi abu ya mallake shi, ya kwafa ko ya bayar ruwansa. Wasu kuma sun raba tsakanin wanda ya kwafa don amfanin kansa da wanda ya mayar da shi hanyar samun kuɗi, suka fi tsanantawa a na biyun. Kai kuma, ka yi haƙuri, a na biyun kake.

Abba_Kurna:
Na gode Malam. Jikina ya ƙara sanyi, amma gara da aka faɗa mini.

Sadiq_CR7:
Malam da girmanka, amma mutumin nan shi ya sayi na'ura da kuɗinsa, shi ke sayen fetur, shi ke biyan haya, shi ke gyaran hannu duk sati in yara sun karya. Duk wannan gumin ya tashi a banza saboda wani kamfani mai biliyoyin dala bai samu 70 ba?

Baban_Ilham:
Ni na daɗe ina karanta ku ban yi magana ba, amma maganar Injiniya da ta Sadiq ta taɓo mini tsohon miki. "Da ma can ba za su saya ba." Wallahi kalmar nan da kunnena na ji ta sau ba adadi.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina dillancin fina-finan Hausa a Ƙofar Wambai. Ranar da sabon fim zai fito, tun asuba 'yan sari daga Zariya da Gusau da Maraɗi suke layi a bakin shago, kwali kwali ake ɗaurewa a kai tasha. Ina da yara bakwai a ƙarƙashina, ban da masu buga hoton bangon faifai da masu turin baro. Sai masu tura fim a waya suka zo. Yaro da kwamfuta ɗaya da benci a bakin titi, ya sayi faifai ɗaya, kafin la'asar ya tura wa mutum ɗari a naira ashirin ashirin. In ka yi magana a ce maka ai talakawa ne, ba su da kuɗin faifai. To waɗannan talakawan su ne dai suke saya a da. Ba rana ɗaya kasuwar ta mutu ba, a hankali ta riƙa zubewa: wanda ke sarin ɗari biyar ya koma ɗari biyu, ya koma hamsin, ya daina ɗaga waya. Ranar da na rufe shagon, sauran fayafayan a buhu na zuba su, wani mai gyaran keke ya karɓi wasu yana yi wa yara ado da su a taya. Yanzu takalma nake sayarwa.

Ku dubi masu shirya fim ɗin, kusan duk sun koma YouTube suna jiran kuɗin talla. Saboda haka in an ce babu wanda aka cuta, ni dai ga ni.

Injiniya_Samaru:
Allah ya mayar da alheri Baban Ilham, ban raina abin da ya same ku ba. Amma akwai bambanci. Ku kasuwarku gaba ɗaya a nan take, in Kano da Kaduna da Maraɗi suka daina saya shi ke nan. Sony kuwa ba ta taɓa sa mu a lissafi ba. Je ka buɗe asusun PlayStation ka nemi Najeriya a jerin ƙasashe, ba za ka gan ta ba. A duk ƙasashen da ke kudu da Sahara Afirka ta Kudu kaɗai ke ciki. Duk wanda ka gani yana sayen gem ta intanet a nan, ƙarya ya yi ya ce a Amurka ko Ingila yake zaune, ya sa adireshin da bai taɓa gani ba, sannan ya sayi katin caji a hannun 'yan kasuwa da tsada. Wato ko hanyar gaskiyar sai ka fara da ƙarya. A watan Mayun 2024 ma an cire gem ɗin Sony mai suna Helldivers 2 daga Steam, shagon sayar da gem ɗin kwamfuta ta intanet, a ƙasashe sama da 170 saboda wannan matsalar ta asusu. Mutum na riƙe da kuɗinsa an ce ba a sayar masa.

Baban_Ilham:
In mai shago ya ƙi sayar maka da kaya, sai ka haura ta katanga?

Hajiyar_Lissafi:
Baba, in ya haura ya ɗauko ai kayan sun bar shagon. Wannan kuwa kayan suna nan inda suke. Ba ina kare shi ba ne, misalin ne bai zauna daidai ba.

Zee_Manhaja:
Bari in shigo, tunda ni ina cikin waɗanda ake cewa ba a cuta ba. Ni da wani abokin karatuna mun yi wata tara muna haɗa ɗan wasan dara na waya. Ni ke rubuta manhajar da daddare in an kawo wuta, shi ke zane. Har wurin tsofaffin da ke buga dara a gindin wata dalbejiya muka riƙa zuwa don mu daidaita dokokin. Muka sa shi kyauta da talla a ciki, wanda ba ya son talla ya biya naira 500. Ba a yi wata ɗaya ba wani ya cire tallar, ya sa a wani shafi, ana ta rabawa a WhatsApp. Har ƙanin mijin yayata ya turo mini, wai "Anti ga wani gem mai daɗi kyauta." Abin da muka samu bai biya kuɗin datar da muka ƙona ba. Abokin nawa ya haƙura, yanzu POS yake yi.

Ni abin da ke damuna ba manyan kamfanonin gem irin su EA ba ne, su ko a jikinsu. Sabon da muka yi ne. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin an biya kuɗin gem ba, ranar da ɗan'uwansa Bahaushe ya yi nasa ma ba zai biya ba. Akwai masu ƙoƙari a nahiyar nan, Maliyo Games a Legas, Leti Arts a Gana, Kiro'o Games a Kamaru da suka fitar da Aurion a 2016. Duk mai son zuba musu jari tambayar farko da zai yi ita ce, mutanenku suna biya?

Wasu 'yan'uwa biyu masu kamfanin Greenheart Games sun taɓa yin abin dariya a 2013. Gem ɗinsu Game Dev Tycoon na kafa kamfanin gem ne. Su da kansu suka saki fasasshen a intanet, amma suka gyara shi yadda in ka yi nisa 'yan satar fasaha za su karya kamfaninka. A ranar farko mutum 214 ne suka saya, sama da 3,000 suka ɗauki na bati. Sai ga waɗanda suka ɗauka suna kuka a intanet wai ana sace musu gem a cikin gem, ina mafita. Kuma kuɗinsa bai kai dala 8 ba.

Ummu_Hanifa:
Kai, wannan ya ba ni tausayi. Zee, yana nan har yanzu? Ki faɗa mana sunansa ta akwatin saƙo, ni zan biya. Maigidana mayen dara ne.

Kawu_Bala_70s:
Ku yaran nan kuna ta PS4. Mu da muka fara da na kaset mai rubutun 9999999 a ciki ɗaya, ka kunna ka tarar wasa biyar ne ake ta maimaitawa da launi daban? Da bindigar roba ta harbin agwagwa, da hura kaset da baki in ya ƙi tashi. Sai da na girma na san na'urar kanta jabun Famicom ɗin Nintendo ce, ba kaset ɗin kaɗai ba. A Rasha ma irinta suka taso da ita, Dendy suke ce mata. Da babu jabu da babu ɗayanmu da ya san Mario.

Sadiq_CR7:
Kawu ka tuna zamanin Winning Eleven a PS2, mai sharhi yana ihu da Japananci mu ma muna maimaitawa ba mu san me yake cewa ba? Faifan yana tsayawa a tsakiyar wasa a cire a goge da riga, in ya ƙi a kifa na'urar.

Dan_Maradi:
A shafa masa man goge baki kuma.

Ummu_Hanifa:
Kun ga an bar Abba a tsaye an koma hira.

Hajiyar_Lissafi:
To mu dawo. Tambayarsa ta biyu, wa ake cuta, an yi bincike a kanta kuma sakamakon bai zo ɗaya ba. Hukumar Tarayyar Turai ta biya kamfanin Ecorys na Holan kusan yuro 360,000 ya binciko mata illar satar fasaha. An gama a 2015, aka ajiye rahoton ba a fitar ba sai da wata 'yar majalisar Turai daga Jamus ta tono shi a 2017. Abin da ke ciki: ban da manyan sababbin fina-finai, ba su samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa kwafar haram na rage ciniki ba, a ɓangaren gem ma alamar ƙaruwa suka gani. Masu son na bati suna yawan ɗaga wannan, amma ba sa faɗin cewa su kansu masu binciken sun nuna alƙaluman gem ɗin suna da faɗin kuskure sosai.

Sai wani na 2024 da William Volckmann ya yi a kan Denuvo, makullin da ake sa wa gem ɗin kwamfuta tun 2014. Shi ya gano in aka fasa gem da wuri bayan fitowarsa, kuɗin shiga na raguwa da kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, amma in ya wuce sati 12 ba a fasa ba, fasawar ba ta ƙara yin wani tasiri. Wato ɓarnar tana makonnin farko ne, kuma a ƙasashen da ake saye. Gem ɗin ƙwallo na PES 2021 da Abba ke sakawa yau ba ya cikin wannan lissafin ko kaɗan. Amma duk binciken nan biyu ba a kasuwa irin tamu aka yi su ba, kuma ba su amsa kukan Zee ba.

Abba_Kurna:
Hajiya ta ina kika san PES 2021 ne? Shi ne kuwa, da facin sababbin 'yan wasa.

Hajiyar_Lissafi:
Ina da 'ya'ya maza uku, Abba.

Auwal_Gyara:
Ni mai gyaran kwamfuta ne, kuma ina so a daina cewa na bati ne. Wani ɗalibi ya kawo mini laftof ɗinsa makon jiya, fanka na ihu kamar injin markaɗe, batir ba ya awa ɗaya, ko ba ya komai tana zafi. Na duba, ashe tun da ya sauke wani fasasshen gem aka dasa masa manhajar haƙar kirifto, wani can yana tara kuɗi da wutarsa da na'urarsa. Kuma shi da hannunsa ya kashe rigakafin bairos, don umarnin saka gem ɗin ya ce a kashe. Kamfanin Avast ya taɓa bankaɗo irin wannan a 2021, Crackonosh suka sa mata suna, an ɓoye ta a cikin fasassun GTA V da NBA 2K19 da PES 2018, ta kama kwamfuta sama da 200,000, masu ita suka samu kusan dala miliyan 2. Wanda ya ɓata dare yana fasa gem ya ba ka kyauta, ba duka ne don Allah suke yi ba.

Barista_Gombe:
Ta fuskar doka kuma, tunda ba wanda ya taɓo: marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023, kuma ta haramta karya makullin da aka sa don kare aiki, da yin kasuwancin kayan karya shi. Saboda haka mai lodin ya fi Abba shiga haɗari. Ni dai ban taɓa riƙe shari'ar gidan gem ba, ƙarar littattafai da fina-finai aka fi kawowa. A waje kuwa ba wasa. Gary Bowser, ɗan Kanada da ke cikin masu sayar da kayan fasa Nintendo Switch, an yanke masa wata 40 a Amurka a 2022, ga tarar dala miliyan 14.5, ya fito amma wani kaso na duk abin da ya samu Nintendo zai riƙa bai wa, bashin da ba zai gama biya ba har ya mutu. Masu manhajar Yuzu, wadda ake buga gem ɗin Switch da ita a kwamfuta, su ma sun biya dala miliyan 2.4 sun rufe a Maris 2024.

Amma ga abin da zai ba ku mamaki. Ko Abba ya sayi faifan asali, sharaɗin da ke jikinsa ya ce don amfanin kai ne a gida, ba don kasuwanci ba. Karɓar kuɗi a hannun yara su buga yana buƙatar wani lasisin daban. Steam na da tsari na musamman don shagunan kwamfuta, amma wa zai ba mai PS4 huɗu a Kurna irin wannan?

Sadiq_CR7:
To kun ji! Ko ya saya bai tsira ba. Malam Habu ina kake?

Malam_Habu_Fagge:
Ina nan Sadiq, sallah na je. Gaskiya maganar Barista ta ƙara wa mas'alar nauyi, ban san da wannan sharaɗin ba. Abin da zan ce, wanda ya sayi na asali ya sa a shago ya biya mai abu haƙƙinsa na kaya, saura saɓa sharaɗi, kuma malamai suna da magana a kan sharaɗin da mai sayarwa ke gindayawa bayan ciniki ya ƙullu, wani yana tabbata wani ba ya tabbata. Bai zama ɗaya da wanda bai biya komai ba. Kuma ban ce dukiyar Abba duka haram ce ba. Na'urarsa da wurinsa da wutarsa da hidimarsa nasa ne, abu ne da ya cakuɗa. Ya samu malamin da ya san fiƙihun ciniki ya zauna da shi, ya faɗa masa har da wannan batun na cewa kamfanin ba ya sayarwa a ƙasarmu.

Nura_Steam:
Ni ina sayen gem na asali a kwamfuta, kuma ba don na fi kowa tsoron Allah ba, sauƙi ne ya ja ni. In ana rangwame gem ɗin dala 40 yana dawowa 5, ba bairos, ba neman faci. Shagon Epic kuma duk sati suna ba da ɗaya kyauta, a Mayun 2020 GTA V suka bayar. Mai kamfanin Steam, Gabe Newell, ya faɗa tun 2011 cewa matsalar satar fasaha ta hidima ce, in ka fi ɓarawo sauƙaƙa wa mutane za su zo wurinka, ya ba da misali da Rasha da aka ce musu kar su shiga. Ku dubi CD Projekt na Folan ma. Ɗaya daga masu shi, Marcin Iwiński, da sayar da kwafaffun gem ya fara a kasuwar Warso yana saurayi. Da suka kafa kamfani sai suka fassara Baldur's Gate zuwa harshensu da muryoyin fitattun 'yan wasansu, suka haɗa da taswira da littafi a kwali, abin da mai jabu ba zai iya ba. Su ne suka zo suka yi The Witcher 3 ba tare da makulli ba, ya sayar da sama da miliyan 50.

Sai dai ni ma an taɓa cin kuɗina. Akwai gem ɗin da na saya, da aka kashe uwar garkensa, wato kwamfutar kamfanin da yake dogara da ita, ya zama hoto. Irin abin da ya faru da gem ɗin The Crew ke nan a ƙarshen Maris 2024, wanda ya jawo mutum sama da miliyan ɗaya a Turai suka sa hannu a takardar koke. Yanzu Steam da kansa yana rubuta maka cewa lasisi ka saya, ba gem ba. Kuma wata cibiyar tarihin gem a Amurka ta ƙirga a 2023 cewa kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin gem ɗin da suka fito can kafin 2010 ba a sayar da su kuma. Na PS2 ɗin Abba ko yana so ya biya, wa zai bai wa?

Zee_Manhaja:
Wannan na yarda, tsohon da aka daina sayarwa daban ne. Amma Nura, labarin Folan ɗin ya yi daɗi ne saboda mutanensu sun zo sun saya. Mu 500 muka sa.

Baban_Ilham:
Faɗa musu dai 'yata.

Injiniya_Samaru:
Kuma kar a ɗora wa Abba korar ma'aikatan da ake yi a can. Microsoft ta sayi Activision a kan kusan dala biliyan 69 a Oktoban 2023, bayan wata uku ta sallami mutum 1,900 daga ɓangaren gem. Ba yaran Kurna suka jawo ba.

Ummu_Hanifa:
To wai babu na kyauta na halal da zai saka? Na ji yarana suna maganar na ƙwallon nan eFootball.

Sadiq_CR7:
Anti kyauta ne tun 2021, amma sai da intanet za ka sauke ka riƙa sabuntawa, kuma fasasshiyar na'ura in ta hau layi aka sabunta ta, fasawar ta tafi. Ga shi lokacin da ya fito ƙungiya 9 kacal za ka iya ɗauka ku buga da abokinka, babu Madrid babu Chelsea. Ka ce wa yaron Kurna babu Madrid ka ga ko zai dawo.

Abba_Kurna:
Na gode muku duka, na karanta komai har sau biyu. Yau da safe na shiga kasuwa na yi tambaya. Sabon na ƙwallo na asali ya fi ƙarfina, a naira 200 da nake karɓa duk wasa sai an buga sama da 500 kafin kuɗin faifai ɗaya ya fito, ban cire fetur ba. Amma na samu faifan asali na hannu, na shekarun baya, da sauƙi sosai. Ina tunanin in fara da na'ura ɗaya in gani ko yara za su zauna a kanta. Abin da ya ɗaure mini kai, mai shagon ya ce in na sayi na hannu ma ko sisi ba ya isa wurin kamfanin. To wa na biya ke nan?

Malam_Habu_Fagge:
Ka biya wanda ya mallaka ta hanyar ciniki, shi kuma ya riga ya biya su. Wannan ba shi da matsala ta wannan fuskar.

Hajiyar_Lissafi:
A aljihun kamfanin dai duk ɗaya ne, Malam, da na hannun da fasasshen.

Auwal_Gyara:
Abba in za ka mayar da ɗaya ta asali kawo in duba maka, kar ka bari a sabunta sauran ukun bisa kuskure. Kuma ina da robar analog in hannuwanka suna ja gefe.

Dan_Maradi:
A dai gayyace mu ɗaurin aure, mu zo da kilishi.

Abba_Kurna:
In sha Allahu bayan sallah ne, kowa zai ji. Wani abu kuma: yanzun nan yarinyar ta kira ni, wai kawun ya ce ranar Asabar zai kawo ƙaramin ɗansa shagon, yaron ya dame shi da son buga ƙwallo kuma ta gidansu ta lalace. In sa shi a wacce, kuma in karɓi kuɗin ko in bar masa?

Sadiq_CR7:
Sa shi a mai Madrid. Kuma ka karɓi 200 ɗinka cif a hannun kawu.